Ɗinyar da Na Jiƙa a Jarka

Baban Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma, ni ka kan miƙo wa takarda ka ce idonka ya gaji. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Dawa ta yi kyau bana. Saurayin Rifkatu, wannan na Danko, ya gama noman aurensa na bana a gonarmu, saura shekara ɗaya. Sauran labarin babu daɗi. Yayanka Bitrus ya biyo ka, yau mako biyar. Kun haɗu? Ya faɗa maka abin da ya sha?

Ka tuna giyar ɗinyarka, wadda ka koyo a bariki? Ka wanke ɗinya, ka tsaga kowace da wuƙa, ka cusa a kwalba, ka zuba zuma, ka cika da barasar ogogoro har wuya, ta yi wata uku a ƙarƙashin gado. Ranar buɗewa kai ne za ka sha kofin farko da safe, baƙi kuwa sai la'asar. Ina yi maka tsiya, ina cewa kwaɗayi ne ka sa wa sunan doka.

Da taron cikarka shekara ya matso, na ce ba za a taru don kai ba tare da ita ba. Ɗinya ta yi yawa, kwalabenka shida suka cika, ga sauran a kwano. Sai na ɗauko jarkar nan ta bayan rumbu, wadda ka sayo maganin ƙwarin wake a ciki. Na wanke ta sau uku da omo da toka. Haba, gida nawa ne a Zuru ba sa ɗiban ruwa da irinta? Ban san ogogoro na iya zuƙo abin da ruwa ya bari a jikin roba ba.

Kuma ban ɗanɗana ba. Ni 'yar zumuntar matan coci, a ji warin giya a bakina? Kunyar mutane ta hana ni.

Ta jarkar ta fi baƙi, ta fi kauri, sai na ce wannan ta babba ce. Na cika kofinka na tangaran, na ba Gwaggo Laraba, ƙanwar mahaifinku, ta kai wa Yaya Bitrus. Ya ɗiga maka kaɗan a ƙasa, ya shanye, ya nemi ƙari. Kafin a gama rabon nama gumi ya rufe shi, yawu na dalala, yana ta amai. A kan babur ya cika, ba su kai asibiti ba. Waɗanda suka sha ta kwalba ko ciwon kai ba su yi ba.

Ka san mutanenka. Suka ce kowa ya sha lafiya, sai wanda Gwaggo ta miƙa wa. Tsohuwa ce, ba ta da ɗa, hayaƙin murhu ya sa idonta ya yi ja. Shi ke nan, ta zama mayya. Suka fitar da ita daga gida, tana bukkar gona yanzu, ko rijiya ba a bari ta taɓa.

Ni kuwa na shinshina jarkar washegari, na gane. Na tuttular da ita a masai, na ja bakina na yi shiru. Na ji tsoro, Baban Rifkatu. Wa zai auri 'yar matar da ta kashe yayan mijinta? Kullum da wannan nake lallashin kaina.

Jiya na kai wa Gwaggo tuwo. Ta rame ƙwarai, tari ya kama ta. Ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, wai duk dangin ni kaɗai ce ban yarda da ƙaryar da aka yi mata ba. Har ta fara tambayata ko mutum na iya zama maye bai sani ba. Wayyo Allah! Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi, bayan sujada a coci, zan miƙe a gaban dattawa da matar Bitrus in faɗi kome. Rifkatu zan fara faɗa wa yau. Ban san ko za ta yafe mini ba. Gwaggo za ta koma ɗakinta. Ni ce ban san inda zan kwana ranar Litinin ba.

Ka huta lafiya. Ka roƙa mini gafarar yayanka, ni ba ni da bakin yi.

Matarka,
Maman Rifkatu