Ba Zan Sauke Ki Daga Kumbon Ba

Bukkuyum, 14 ga Maris, 2001

Zuwa ga Zaliha, ruwan farko a kan busasshiyar gona, sanyin fadamar Gummi, nonon safe da ba a surka ba, wadda tafiyarta ke kunyata barewa.

Saƙon mahaifinki, Baba Dikko, ya iso ni ta bakin Innarki: ko dai in goge sunanki daga littafina, ko in daina taka ƙofar gidanku. Na karɓi wanga hukunci a tsaye, na sha ruwa, na yi nazari irin na manyan malamai. Ga amsata: ba zan goge ba.

Kin tuna la'asar ɗin nan a gindin durumin ƙofarku, da na ba ki labarin fim ɗin da na gani a gidan kallo na Anka kafin a garƙame shi? Matuƙi da abokiyar tafiyarsa a cikin kumbo, suna keta taurari, dodannin ƙarfe na bin su. Kin saurara kina wasa da bakin mayafinki, sannan kika tambaye ni inda suke samun ruwan alwala. Kika yi dariya har sai da tattabaru suka tashi. Ke ce kika ce in rubuta miki shi da Hausa, tunda ba za ki taɓa ganinsa ba. Na cika littattafan makaranta huɗu. Turancin da ya gagare ni na cike shi da basira, na kuma haƙa musu rijiya a bayan kumbon.

To wane suna zan ba macen da ta tsaya gaban dodanni ba ta ƙifta ido ba? Alƙalamina ya rubuta Zaliha, ban hana shi ba. Ina na san ƙawayenki za su kwafe littafin da hannu har ya kai garin Adabka? Ina na san tsofaffin unguwarku za su yi ta faɗin cewa 'yar Dikko ta yi wata tara a sama ita kaɗai da namiji, ba muharrami?

Na yarda akwai kuskure, amma ba a sunan yake ba. In na cire ki, wa zai riƙe sitiyari ranar da matuƙin ya suma? Wa zan rubuta wa? Kwana goma sha ɗaya ke nan ban ji muryarki ba, zuciyata ta zama gero a shekarar fari.

Saboda haka na gyara littafin ta inda ya kamata. Na ƙara babi a farkonsa. Kafin kumbon ya tashi, an shimfiɗa tabarmi a gindinsa, liman ya zo, shaidu sun zauna, an raba goro. Baba Dikko ne waliyyinki, na kuma ba shi babbar riga fara da jawabi shafi biyu, wanda duk mai hankali zai so a ce shi ya faɗe shi. Yanzu Zaliha da mijinta take tafiya. Na haɗo babin da wannan wasiƙa. Ki ba ƙawayenki su kwafa da irin saurin da suka kwafi na farko.

Ran Juma'a kawuna Sanda zai zo zaurenku neman aurenki. In an kore shi, zai dawo Juma'ar gaba. Na riga na gyara masa tayar babur.

Naki har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Abdussalam