Makarantar su Ummi na neman rufewa

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Inna? Yaya maigidan da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. 'Yar makarantar da muka buɗe wa yaranmu a nan Guangzhou tana neman rufewa. Duk ɗan kasuwarmu da ya loda kwantenar kaya yakan ware wa makarantar wani abu, da shi ake biyan haya da malami. To, saboda wasannin Olamfik an tsaurara biza, lodi ya tsaya cak. 'Yan Maraɗi duk sun kwashe yaransu.

Ranar Juma'a muka zauna, wani Alhaji ya ce a rufe kawai. Na ce ai dole ya faɗi haka, tunda nasa suna Kano! Sai da aka shiga tsakaninmu.

'Yarki Ummi ce ta zo ta ɗaya. Ina yi mata barka, sai ta ce, "Baba, ai mu uku muka rage." 

Don Allah ki nema mata gurbi a makarantar yaranki. A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Ita Ummi ban gaya mata zan turo ta gida ba tukuna.

Ƙaninki,
Sani