Sakan Ukun da Na Ƙara Maka

Shahuci, ranar Laraba, bayan azahar.

Habibu, ɗana,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, na kuma san addu'a ta fi ta amfani a gare ka. Addu'ar ina yi, ba na fashi. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a ƙirji ta ƙi wucewa, shi ya sa na ɗauko biro.

Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙafafun sun sake kumbura, tarin ma yana nan, sai dai yau na iya dogara sanda na je masallaci, na yi sallah a zaune. Idon hagu ya kusa rufewa, shi ya sa layukan nan suke gangarowa kamar na ɗan aji ɗaya.

Ka lura na rubuta sunanka? Shekara arba'in da ɗaya ka yi a duniya ban taɓa kiran ka da shi ba. Kai ne ɗan fari, haka muka tarar iyayenmu suna yi, haka muka yi. Kana ƙarami "kai" nake ce maka, da ka buɗe shago na koma ce maka Tela. Mahaifiyarka ma, Allah ya jiƙan ta, har ta rasu ba ta faɗe shi ba. Ashe sunan ba shi da nauyi a baki. Na gwada shi ɗazu ni kaɗai a ɗaki, sau uku.

Ina jiran Malam Auwalu, shugaban ƙungiyarku ta masu keke. Na kira shi shekaranjiya na roƙe shi ya zo mini da littafin nan mai koren bango da ake rubuta lokacin kowa a ciki. Ya ce yana tafe bayan la'asar. Akwai layi ɗaya a littafin da ba daidai ba ne. Layinka ne, kuma ni na ɓata shi. Ina so a gyara kafin in biyo ka. Amma kai ne mai haƙƙin, kai ya kamata ka fara ji.

Bari dai in ba ka labarin gida tukuna, ko zuciyata ta ɗan kwanta. Matarka Zainab ta fita takaba, ta koma gidansu a Ƙofar Ɗan Agundi da yaran. Ban hana ta ba, me za ta zauna yi da tsoho mai tari? Takan aiko da tuwo, wata Juma'ar kuma takan kawo su. 'Yarka Hafsa ta yi tsawo, tafiyarka ta ɗauko sak, har da karkata kafaɗar nan. Shagonka wani tela ne a ciki yanzu. Mutanen unguwa suna cewa wuyan rigarsa ba ya zama kamar naka, ni kuma a ɓoye daɗi nake ji. Kekenka na tsere yana rataye a soro inda ka bar shi. Tayoyin sun sace, ba ni da ƙarfin ba su iska. Kaca kawai nake ɗiga wa mai, in juya feda da hannu in saurari ƙararta.

Kana tuna yadda abin ya fara? Likita ne ya ce jininka yana hawa, zaman shago ya yi maka yawa, ka nemi abin motsa jiki. Ka je ka sayo keken nan na hannu mai siririyar taya, wanda kansa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Raina bai so ba. Magidanci da 'ya'ya huɗu, a gan shi yana sunkuye a kan keke! 'Yan majalisar ƙofar gida ba su raga maka ba. Alhaji Sule yakan tambaye ka ko mashin ɗin ne ya ƙi tashi, ko kuwa yarinta ce ta dawo. Kai dariya kawai kake yi. Wandon nan matsattse na masu tsere kuwa, ba ka taɓa yarda na gan ka da shi a cikin gari ba. Kakan ɗora jallabiya a kai, ka tattare ta a ƙugu, sai ka fita Ƙofar Na'isa kake cire ta ka cusa a jaka. Ka zaci ban sani ba. Na sani.

Sannan wata ranar bazara ka zo ka durƙusa nesa da ni, ka yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ka fito da maganar. Wai ƙungiyarku tana neman mai riƙe agogo, dattijo wanda kowa zai yarda da shi, kuma da aka ji shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi sai aka ce a roƙe ni. Daga baya na gane kai ka ba da sunana. Ka ga tun rasuwar mahaifiyarka ba na fita ko'ina sai masallaci, ka ƙirƙiro mini aiki. Ban taɓa yi maka godiya ba.

Ranar farko na sha mamaki. Na zaci zan ga an jeru an kwasa da gudu gaba ɗaya. Ashe naku tseren daban ne. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin ku, minti guda tsakani, kowa shi kaɗai a kan titi, kilomita goma zuwa, a juya a gindin wata tsamiya, kilomita goma dawowa. Ba mai kare wa wani iska, ba wanda kake bi, ba wanda kake jira. Kai da agogo ne kawai. Aikina shi ne in tayar da agogo idan na farko ya tashi, in rubuta lokacin da kowa ya tsallake layin alli, in ɗebe mintunan da ya jira kafin a sake shi. Lissafin da ɗan aji uku zai yi. Kowace Asabar ta ƙarshen wata, da an idar da sallar asuba, Malam Auwalu yakan ɗauke ni a motarsa, ku kafa mini kujerar roba a ƙarƙashin darbejiya, can bayan gari inda motoci ba su da yawa.

Minti arba'in da bakwai ka yi a tseren farko, kai ne na biyun ƙarshe. Ka sauko kana layi, ka koma bayan bishiya ka yi amai. Na kawar da kai kamar ban san ɗan waye ba. A hanyar dawowa na ji kana gaya wa Malam Auwalu cewa kafin shekara ta ƙare sai ka sauka ƙasa da arba'in. Duk motar aka yi dariya, har da ni a ciki.

Daga nan ka canza. Kullum da asuba ina jin ƙarar ƙyauren soro, in san ka fita. Ka rage tuwon dare, ka bar lemon kwalba, ka koma dabino da kunun gyaɗa. Da azumi ya zo aka dakatar da tsere, amma kai ba ka tsaya ba. Kakan fita a hankali bayan la'asar, ka dawo daidai kiran magariba leɓɓanka sun bushe, ka sha ruwa a tsaye a ƙofar gida. Zainab ta kawo mini ƙararka, wai in yi maka faɗa kada ka kashe kanka. Na ce zan yi. Ban yi ba, don a ɓoye ina ƙirga maka kwanaki.

Bayan sallah ka yi arba'in da huɗu. Da ruwa ya sauka ka yi arba'in da biyu da 'yan sakanni. Wata Asabar tayarka ta fashe kusa da tsamiya, ka turo keken da ƙafa kilomita tara, ka ƙi hawa motar da aka tura maka, wai wanda ya tashi daga layi da ƙafarsa ya kamata ya dawo. Wata Asabar kuma hadari ya taso kuna tsakiyar hanya, kowa ya fake, kai ka shigo a jiƙe sharkaf, taɓo har gira, kana tambayar lokacinka tun ba ka tsaya ba. Arba'in da ɗaya ne. Duk wanda ya shigo, nakan ce masa sannu da ƙoƙari, in kira sunansa, wani ma in dafa kafaɗarsa. Kai kuwa lamba kawai nake faɗa, idona a kan takarda. Ka taɓa jin zafin haka? Ko ka san cewa tun kana ɗan ɗigo a ƙarshen titi nake gane ka, da yadda gwiwarka ta dama take ɗan buɗewa waje?

To, ga maganar. Tseren ƙarshe na shekara, da kaka, gero ya nuna a gonakin bakin titi, iska a kwance. Kai ne na takwas, minti bakwai ke nan za a ɗebe maka. Kafin a fara, Bala direba, mai yawan barkwancin nan, ya ɗaga murya ya ce yau dai Tela ya gama sauka ƙasa da arba'in, tunda agogo yana hannun Baba. Wasa yake yi, kowa ya san Bala. Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa maganar ta zauna mini.

Na hango ka kana tahowa, ka kwanta a kan keken, baki buɗe. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Tayarka ta gaba ta taɓa alli, na dubi agogo, na rubuta: arba'in da shida da sakan hamsin da bakwai. A ɗebe bakwai. Talatin da tara da hamsin da bakwai. Ka yi, Habibu. Ka sauka.

Sai na ɗaga kai na ga mutane sun kewaye ni, kowa yana jiran bakina, Bala yana murmushi. Na ji kunya ta rufe ni kamar an kama ni ina sata. A ce ni, a gaban jama'a, in buɗe baki in yi shelar nasarar ɗana na fari, da sakan uku kacal, kuma agogon a hannuna? Na ce wa kaina wataƙila idona ya yi gaggawa saboda kai ne. Na ce gara in yi kara. Na buɗe baki na ce arba'in cif. Malam Auwalu ya rubuta a littafi. Wasu har suna yaba mini, wai Baba ba sani ba sabo.

Idona bai yi gaggawa ba. Na san haka a lokacin, na san haka yanzu. Shekara talatin da biyar ina duba jarrabawar 'ya'yan mutane ban taɓa rage wa ɗan kowa maki ɗaya ba. Sai nawa.

Kana kwance a gefen titi kana haki aka gaya maka. Ka rufe fuska da hannu, na ɗauka kuka kake yi, ashe dariya ce. Ka ce sakan ɗaya ya rage, baɗi in Allah ya kai mu za ka biyo bashinsa. Ka sayi ƙosai da shayi ka raba wa kowa. Sannan ka zo ka rusuna ka yi mini sannu da zama, ka naɗe takarduna, ka ɗauki kujerata ka kai mota. Ba ka tambaye ni ko na tabbata ba. Ko sau ɗaya ba ka tambaya ba. Da ka tambaya, da wataƙila na faɗa.

Na yi niyyar gaya maka a gida. Na ce sai an kwana biyu, sai mun keɓe. Amma yaushe muka taɓa keɓewa ni da kai? In na shigo soro kai ka fita, in ka zauna ni in tashi. Na ce ba komai, baɗi za ka yi talatin da takwas ma, maganar ta wuce da kanta. Sai ga zazzaɓin nan na kwana biyar. Ranar ta huɗu a asibiti na zauna kusa da gadonka, mu biyu kaɗai, kana farke, kana kallona. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayar ko ka sha magani.

Takardar da na yi lissafin a kai tana nan. Na ajiye ta a gwangwanin da nake zuba magunguna, rubutun fensir ɗin bai goge ba. Ita zan nuna wa Malam Auwalu. Tsorona ɗaya: kada ya dube ni da tausayi, ya ɗauka tsoho ne baƙin ciki ya sa yake yi wa mamacin ɗansa kyautar sakan uku, ya ce to Baba, ya gyara don ya faranta mini. Ba kyauta nake nema maka ba. Naka ne, da ƙafarka ka samo, a kan titi, cikin azumi da ruwan sama. So nake ya yarda, ya soke layin da hannunsa, ya karanta a gaban 'yan ƙungiya, Bala yana wurin. In sun ce in zo in faɗa da bakina, zan zo, ko ɗaukata za a yi. Zan faɗi sunanka da ƙarfi.

Na dakata a nan na yi la'asar, na sa an shimfiɗa tabarma a soro, na zauna. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai in gyara hula. Na kira wayarsa sau biyu, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Mutum ne mai hidima, ba na zarginsa, bai san abin da ke cikin raina ba. Yanzu ga shi ana kiran magariba, hasken ya ƙare mini, bai zo ba.

Ban san ko gobe zai zo ba, ban kuma san ko zai same ni ba. Saboda haka na rubuta a nan, da hannun mai riƙe agogo, in wani ya tsinci takardar ya zama shaida: Habibu Lawan, tela, kilomita ashirin, minti talatin da tara da sakan hamsin da bakwai.

Ka yafe mini, ɗana. Ka yi ƙoƙari. Wallahi ka yi ƙoƙari. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinka,
Malam Lawan, Shahuci.