Sunan Gwaggo Kubra Bai Fito A Waya Ba

Kafanchan,
Talata, 14 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Azariya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya kai da Joanna da yara a can Kanada. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba. Mama tana cin abinci kaɗan kaɗan, matan zumunta kuma ba sa barinta ita kaɗai. Fasto ya tabbatar da jana'iza ranar Asabar a Fadan Kagoma. Na zaɓi in rubuta maka ne maimakon kira, domin ina so ka karanta a natse.

Jiya Gwaggo Kubra ta taso daga Zangon Kataf ta same ni a gidana, ta ƙi zama a kujera, ta miƙo mini wayarta. Shafin da ka gina na sanarwar rasuwar Baba ne a buɗe. Ƙarƙashin "Waɗanda Ya Bari" akwai Mama da mu 'ya'ya, akwai jikoki, daga nan sai addu'ar rufewa. Babu sunanta, babu na 'ya'yanta Jamiluddeen da Fatimatuzzahra'u. Ta ce shekara arba'in da ɗaya ke nan da ta musulunta ta auri Alhaji Nuru, dangi da yawa suka juya mata baya, amma yayanta Andrawus, wato Baba, bai taɓa fasa zuwa gidanta ran Sallah ba. Ta ce ashe jira muke ya rufe ido mu goge ta. Azariya, shekara ashirin na yi ina gyaran labarai a gidan jarida, na ga kurakurai iri iri, amma ban taɓa ganin irin na jiya ba. Ni da kaina na duba shafin nan a kwamfuta kafin mu tura wa mutane, kuma na ga sunanta.

Bayan ta tafi na buɗe kwamfutar, ga sunayen nan uku a layi na uku, wanda ke gefen dama. Na duba a wayata, babu. Na karɓi ta Mama da ta Fasto, duk babu. Sai na shiga rubutun JavaScript da ke bayan shafin, da mabuɗin da ka ba ni. Ba sana'ata ba ce, amma na karanta isasshe in gane abin da na gani. Ka sa shafin ya tambayi faɗin allo. In ya kai fiksel 768, kamar allon kwamfuta, a nuna layi uku gefe da gefe. In bai kai ba, a cire na ukun gaba ɗaya. Ina jin tun farko hotunan ado ka nufa da wannan layin, daga baya da na aiko maka da sunaye kashi uku, ka zuba 'yan'uwan Baba a ciki. Ita kaɗai ta rage masa a duniya, don haka gidanta kaɗai ya ɓace.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne lissafin waɗanda suka gani. Wa ke da kwamfuta a Kwoi ko Fadan Kagoma? Kowa a waya ya buɗe. Kwana huɗu ke nan ikilisiya da 'yan kasuwar Zango suna karanta cewa gidan Andrawus ya fitar da ƙanwarsa daga dangi, kuma ba wanda ya tambaye mu, domin wasu sun ɗauka da gangan ne. Har wani dattijo ya yaba mini a kan haka. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Yau da safe na je Zango in nuna mata. Na kwantar da wayarta a gicciye don faɗin ya ƙaru, sunan bai fito ba, domin rubutunka sau ɗaya yake tambaya, lokacin buɗewa, ba ya sauraron canji. Sai da na sake loda shafin a kwance, sannan ga ta. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ta yarda ba mugunta ba ce, amma ita ba za ta bi gari tana roƙon mutane su kwantar da waya kafin su ga ita 'yar gidan ce ba. In sunanta ya fito a wayarta a tsaye, yadda kowa ke riƙewa, za ta zo ranar Asabar. In bai fito ba, za ta yi kukanta a ɗakinta.

Don haka ga roƙona. Kada ka cire komai a ƙaramin allo, ka jera layukan ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ka sa rubutun ya riƙa sauraron canjin faɗi. Ka gwada a waya ta gaske, irin mai arha da ake sayarwa a kasuwar nan. A jarida in wuri ya ƙare, mukan rage girman harafi ko mu kai saura wani shafi, amma ba a yanke suna a sanarwar mutuwa. Ni ma da laifina, da na duba a allo ɗaya na ce ya yi. Ka kuma ɗaga sunanta sama da namu, kusa da na Mama, sannan ka kira ta da bakinka.

Mama ba ta sani ba tukuna. Ta riga ta ware wa Gwaggo kujera a gefenta, kuma ta sa an ɗinka mata ankon jana'izar har da mayafi.

Ka gaida Joanna, da Martins da ƙaramar Caroline. Mama tana sa muku albarka. Na bar shafin a buɗe a wayata, a tsaye, ina sake lodawa.

Yayarka,
Damaris