Jan Fenti a Jitar Mudathir

Magama, Jibiya

Zuwa ga yayata Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sauƙaƙa muku zaman Fatakwal da ruwan samanta da ba ya gajiya. Mu nan lafiya lau. Ƙafata ta warke, sai ɗan ɗingishi idan na daɗe a tsaye a shago. Mufida, matar ƙaninmu marigayi Mudathir, ta fita takaba tun watan jiya, ƴarsu Mutmainna kuma ta fara takawa tana dafa bango. Gero ya yi kyau a Riko bana, mun samu na tuwo.

Saƙonki ya iso, cewa Gwaggo Fatsuma ta kira ki tana kuka, wai na tozarta ɗanta Badamasi a bainar jama'a, in je in ba shi haƙuri. Na zaɓi in rubuto miki ne domin a waya ba kya barina in kai aya, tun muna yara haka kike. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi mini faɗan.

Kin san jitar Mudathir mai lantarki, baƙar nan da ya samo a Agadas lokacin da yake bin makaɗan Buzaye gidajen biki. Kin kuma san ranar da aka raba gadonsa ina kwance a asibiti da karayar da na samu a hatsarin da ya tafi da shi. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda rabon ya gudana. Malam Liman ya nemi dillalin da zai yi wa kaya kuɗi, kamar yadda aka saba, aka ce ga Badamasi ɗan gida, shekararsa goma yana dillanci a bakin iyaka. Ya ɗauki jitar ya juya, ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki, ya ce jabu ce irin wadda ake jibgewa a kwantena, ga fenti ya goge, ga kunnuwan ɗaure tsirkiya sun yi tsatsa. Ya yi mata kuɗin tunkiya, tunkiyar ma ramammiya, ya ce shi zai saya don ya taimaki marainiya. Mufida tana ɗaki cikin takaba, ba ta da bakin magana. Har godiya aka yi masa, Yaya.

Ni kuwa na san jitar nan kamar tafin hannuna, don ni nake kwance ta ina gyara mata wayoyin lantarki duk lokacin da ta fara ƙara. Da na tashi na lalubo hotunanta a wayata na tura wa Badaruddeen, wani mutumin Maraɗi da ke sayen tsofaffin kayan kiɗa yana kai su Yamai. Ko awa ba a yi ba ya kira ni. Ya ce lambar da ke kan farantin ƙarfen bayan wuyanta ta nuna ƙirar Japan ce ta asali, ta fi ni shekaru, kuma in dai tana nan yadda take a hoto, zai ba da abin da zai sayi fili a Magama. Ya ja mini kunne sosai kada a taɓa ta. Ya ce masu sayen irinta tsufan suke biya, wato fentin asali ko da ya goge, da kunnuwan asali ko da sun yi tsatsa, kuma duk wanda ya sake mata fenti ya kashe ta. Na aika wa Badamasi sau biyu ya dawo da ita a mayar masa da kuɗinsa. Ya ce ciniki ya faɗa, a gaban malam aka sallama masa, in ina da ja in tafi kotu da sandata. Wannan maganar ta sanda ita ce ta tsaya mini a rai.

Sai na ba Badaruddeen lambar wayar Badamasi, na ce su daidaita, suka sa ranar Lahadi, ranar kasuwa. Ran Alhamis sai ga Badamasi a shagona da jitar a buhu, ko kunya babu, don duk Jibiya ba mai gyara mata waya sai ni. Na karɓa da fara'a, na gyara, ban karɓi ko sisi ba. Yana zaune yana kallon gefen da hannun Mudathir ya goge har katako ya fito, sai ya ce abin ya yi muni, ba zai kai wa babban mai saye kaya kamar an tsinto a bola ba. Kin san halin dillalanmu. Keke, babur, keken ɗinki, ko tukunyar gas ce, sai an watsa mata fenti kafin ta shiga kasuwa, har akuya da za su samu dama da sun fesa mata. Ya tambaye ni ko ya kai ta wajen mai fentin babura. Wallahi ban yi masa ƙarya ba. Na ce shi ne dillali, ya fi ni sanin abin da kasuwa take so. Ya tambayi launin da ya fi ɗaukar ido, na ce ja.

Mai fenti ya bi ta da samfefa har sai da ta yi fari fat, ya fesa mata ja irin na tankin babur, ya haɗa har da sunan kamfanin da ke rubuce a kanta. Badamasi ya sayo sababbin kunnuwa masu walƙiya ya kawo in ɗaura, ya watsar da tsofaffin a ƙofar shagona. Da ya tafi na tsince su duka shida na zuba a aljihu.

Ran Lahadi na gayyaci Malam Liman shan shayi a rumfar dillalai da ke kusa da shingen kwastan, inda sarkin dillalai yake zama, ban gaya masa dalili ba. Badaruddeen ya tsallako iyaka da hantsi. Da aka zare jitar daga buhu tana sheƙi, ya tsaya yana kallo, ya sunsuna ta, ya ce ba wannan ya gani a hoto ba, wannan sabuwar jabu ce. Nan Badamasi ya tashi tsaye. Ya rantse da Allah ta asali ce, ya ce shi ba yaro ba ne a harkar, tun ranar da ya fara ɗora ido a kanta ya san ƙirar Japan ce, shi ya sa bai bari ta wuce shi ba. Ya maimaita har sau uku da ƙarfi, masu canjin sefa suna ji, direbobin Maraɗi suna ji. Bai lura da wanda ke zaune bayansa da kofin shayi ba.

Badaruddeen ya ari sukundirebana ya kwance wuyan, ya nuna wa jama'a kwanan watan da maƙerinta ya rubuta da fensir a ciki, ya gwada da lambar farantin. Ya ce gaskiya ne ta asali ce, amma an kashe ta, yanzu ko kuɗin tunkiya ba zai ba da ba, ya sa takalmansa. Malam Liman ya ajiye kofi ya tambayi Badamasi a hankali, in tun ranar farko ya san ta asali ce, me ya faɗa a zauren Mudathir ranar rabon gado. Yaya, na ga mutum ya yi gumi har cikin kunne. Sarkin dillalai ya sa ya miƙo jitar nan take, ya kuma yanke cewa ba zai sake yi wa kayan gado kuɗi a Jibiya ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma har yau in na tuna fuskarsa sai in ji abinci ya ƙara mini daɗi.

Na san abin da za ki ce, ramin mugunta a gina shi gajere. Kin yi gaskiya, nawa ya yi zurfi. Da na hana shi fentin, na kai ƙara wajen Malam da hotuna da shaidar Badaruddeen, wataƙila da yanzu Mutmainna tana da fili. Na san haka tun ran Alhamis ɗin, amma son in ga ya faɗi da bakinsa ya fi ƙarfina. Filin yana wuyana, na faɗa a gaban Malam, zan saya mata da gumina ko shekara nawa zai ɗauke ni.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne ranar da na kai wa Mufida jitar. Ta karɓa ta ɗora a cinya, ta kai hannu daidai gefen da hannunsa ya goge, ta shafa, ta sake shafawa. Ta tambaye ni ina wurin hannunsa. Ta ce ita ba ta taɓa damuwa da ko ta Japan ce ko ta ina ba, wurin nan kaɗai take so ta nuna wa yarinyar in ta girma. Na karɓi jitar daga hannunta. Na koma shago na kankare jan da reza ko zan tarar da wani abu a ƙasa, babu komai sai farin katako. Washegari na cire sababbin kunnuwan na mayar da tsofaffin na sake kai mata. Ta murɗa na uku, wanda yake cijewa sai an danna shi da babban yatsa, ta ce wannan kam nasa ne, ta shige ɗaki da ita.

Saboda haka ki gaya wa Gwaggo Fatsuma ina gaishe ta, ita uwa ce, ko gobe ta aike ni zan je. Amma ba zan ba ɗanta haƙuri ba. Mufida nake bai wa haƙuri, kullum, kuma ita har yau ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban ga dalilin da zai sa ta yi sauri ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Fatimatu da Rabi, ki ce su dage da karatu. Malam Liman yana gaishe ki, Mufida ma ta ce in gaishe ki. In za ki yi addu'a ki sa da Mudathir, ki sa da ni. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki da kika sani da taurin kai,
Zunnuraini