Da Kalmomina Goma Sha Biyu Baƙo Ya Ƙwace Mini Uba

Gwaggo Hedviga,

Ki taimake ni, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana ba tare da ya yi mini dariya ba. Shekaruna arba'in da tara, kuma kishi nake yi da wani dattijo mai sanƙo, tsohon direban bas daga ƙasar Fotugal, wanda bai taɓa yi mini komai ba sai godiya. Kada ki yi saurin zato, ba maganar soyayya ba ce. A kan mahaifina nake kishin.

Ina da ɗan masaukin baƙi mai ɗaki biyar a wani ƙauye na yankinmu na Liptov, a gindin duwatsu. Kin san irin baƙinmu: masu hawan dutse, masu shiga kogon ƙanƙara, masu zuwa jiƙa ƙashinsu a ruwan zafi, da masu ɗaukar hoton cocin katako har su manta lokacin abinci. Shekara goma da suka wuce na gaji da ganinsu suna shiga kantin ƙauye kamar kurame, suna nuna burodi da yatsa, mai kanti tana harararsu. Sai na zauna na rubuta wani ɗan kati mai kalmomi goma sha biyu na harshenmu, na ajiye ɗaya a kowane ɗaki. Ta farko dobrý deň, gaisuwar yini, don a nan ko a ƙolin dutse ka wuce mutum ba gaisuwa, to ka zubar da mutuncinka. Sai ďakujem, na gode. Prosím, don Allah. Prepáčte, yi haƙuri. Sauran su ne i da a'a, a ci lafiya, abin da ake faɗa in an ɗaga kofi, ina abu kaza yake, a taimake ni, ban gane ba, da sallama. A ƙasan katin na ƙara cewa a cire takalmi a bakin ƙofa. Ina alfahari da katin nan, ba zan ɓoye miki ba.

Mahaifina, Florian, shekarunsa tamanin da ɗaya, tsohon ma'aikacin gandun daji ne, kuma tare muke zaune. Tun da mahaifiyata ta rasu shekara huɗu ke nan, maganarsa ta ƙafe. Ni ke dafa masa abinci, ni ke yanke masa farce, ni ke kai shi asibiti. Da safe in tambaye shi ko ya sha maganin hawan jini, da rana in ce ya sa hula, in ce kada ya hau tsani, in ce kada ya yi nisa. Shi kuwa amsarsa ba ta wuce gyaɗa kai.

Ga inda ciwon yake. Kin san mutanenmu da naman kaza, wannan mai tsirowa kamar 'yar lema a gindin itatuwa bayan an yi ruwan sama. Kin kuma san mutum zai iya ba ki aron motarsa, amma ba zai nuna miki inda yake tsinko shi ba. Baba yana da wani wuri a daji da ya gada daga kakansa. A shekarar da kowa ke dawowa da kwando wayam, shi nasa sai an danne da hannu. Ina 'yar shekara tara ya taɓa kai ni wani ƙaramin wurinsa, ba babban ba. Don murna na fesa wa ƙawata Zlatica a makaranta, washegari uwarta ta je ta share wurin tas. Baba bai doke ni ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Bakinki ya fi ƙafarki sauri." Daga ranar bai ƙara fita da ni ba, ni ma ban ƙara roƙonsa ba. Shekara arba'in ke nan.

To a kakar bara sai ga wannan mutum, Duarte. Kwana uku ya ce zai yi, ya yi sha bakwai. Safiyar farko ya fito ya tarar da Baba a kan benci, ya zaro katina daga aljihu, ya karanta gaisuwar da wani irin karyayyen harshe, kamar mai tauna dankali da zafi. Gwaggo, Baba ya yi dariya. Ina cikin kicin na ji, har cokali ya faɗi daga hannuna, don rabona da jin wannan dariya tun mahaifiyata tana raye. Daga nan suka ɗinke. Su zauna a benci awa biyu, Duarte ya nuna dutse ya ce na gode, ya nuna kare ya ce na gode. In na kawo halušky, ƴan dunƙulen dankalin nan namu, da cukun tumaki, sai ya cinye tas sannan ya ce a ci lafiya. Baba, mutumin da ba ya haɗa mini jimla guda a yini, ya zauna yana koya masa cewa kafin a fara ci ake faɗa.

Rana ta goma na sauko da sassafe haɗa karin kumallo, na ga babu takalman daji ƙafa biyu a bakin ƙofa. Na ɗaga kai, babu kwandon mahaifiyata a kan ƙusa, kwandon da ko ni ban taɓa saukewa ba tun rasuwarta. Kafin tsakar rana suka dawo, taɓo har gwiwa, kwando cike maƙil, suna ta murmushi kamar waɗanda suka sato wani abu. Zlatica, wadda yanzu maƙwabciyata ce, ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Ke kuwa, ashe an yi miki ƙane da tsufa! Yaushe za a yi baftisma, mu zo cin kek?" Na yi mata dariyar yaƙe.

Ban ce wa Baba raina ya ɓaci ba. Na ce masa ya fita bai sha magani ba, kuma ya san akwai beyar, ƙatuwar dabbar nan mai kai wa mutum hari, a dajin nan. Ya ce, "Mun gaisa da ita," ya wuce ciki. Da yamma na tare Duarte da Turanci, wanda yake ji sarai, na ce cikin wasa ina suka je. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya ce nerozumiem, wai bai gane ba. Kalmar da ni na rubuta masa da hannuna, ita ya rufe mini ƙofa da ita.

Na busar da naman kazan, na zuba shi a miyar kabeji ta Kirsimeti kamar kowace shekara, amma wallahi na kasa haɗiye ko cokali guda. Ni da na ƙi aiki a babban birninmu Bratislava don kada in bar shi, ni da na san adadin ƙwayoyinsa da kai, a ce wani mai kalma goma sha biyu, su ma nawa, shi ya cancanta ban cancanta ba?

Yanzu ga abin kunyar. Mako biyar da suka wuce katin gaisuwa ya zo wa Baba daga Duarte. Ya rubuta gaisuwa, ya rubuta godiya, ya zana naman kaza da alamar tambaya. Na ɓoye shi a ƙarƙashin mayafan tebur. Ya kuma aiko mini da imel yana neman ɗaki na mako biyu a watan Satumba. Na rubuta amsa cewa ɗakuna sun cika, alhali uku babu kowa, sai dai ban tura ba tukuna. Baba kuwa kullum yana tsaye a bakin shinge lokacin zuwan mai kawo wasiƙu, wai iska yake sha. Jiya na gan shi yana wasa wuƙaƙen tsinka guda biyu, kuma na san ta biyun ba tawa ba ce.

Gwaggo, in tura amsar ko kada in tura? In ya zo, ba zan iya sake kallonsu suna fita su bar ni da wanke-wanke ba. In bai zo ba, ban san ko Baba zai ƙara dariya ba. Ki faɗa mini gaskiya, ko da mai zafi ce.

'Yar da aka bari a kicin

Amsar Gwaggo Hedviga

'Yata, ban yi miki dariya ba, sai dai maganar gaisawa da beyar, wannan kam ta ba ni dariya. Kishinki yana da tushe. Kin yi wa mahaifinki hidimar da 'ya'ya da yawa ke gudu, kuma hukuncin shekara arba'in a kan yarinya 'yar shekara tara ya yi tsauri ƙwarai. Mahaifinki ya yi kuskure a nan, ya ƙara da ɗaukar kwandon mahaifiyarki ba tare da ya ce miki komai ba. Da yana gabana da na faɗa masa haka ido da ido.

To amma ki saurari ɗaya ɓangaren. Wa mahaifinki ya nuna wa wurin? Mutumin da ba zai iya bayyana wa kowa hanyar ba ko da ya so, wanda gidansa ke can bakin teku, wanda in aka sake shi a dajin shi kaɗai sai an tara jama'a nemansa. Wannan ba gado aka ba shi ba, rakiya ya yi. Tsoho ya so ya ga wurinsa, gwiwa ba ta ɗaukar kwando, ya kuma san in ya tambaye ki abin da zai ji shi ne magani da hula da beyar. Sai ya ɗauki wanda bai san yadda ake hana mutum da harshenmu ba.

Na sake karanta wasiƙarki, na duba abin da kike faɗa wa mahaifinki a yini. Duk gaskiya ne, duk ƙauna ce, amma duk maganar ma'aikaciyar asibiti ce. Duarte kuwa abin da ke bakinsa gaisuwa ce da godiya da roƙo da ban haƙuri, don su kaɗai kika ba shi. Ke kika zaɓi kalmomin nan, kin san su ne ke buɗe zuciyar mutanenmu, kin raba wa baƙi na tsawon shekara goma. Yaushe rabon da ki faɗa wa Florian ko ɗaya daga cikinsu?

Ga shawarata, kuma ki bi ta a jere. Yau ɗin nan ki ciro katin gaisuwar ki miƙa masa. Kada ki ce ya maƙale a gidan waya. Ki ce ke kika ɓoye shi, don kin ji zafin an bar ki. Zai yi fushi, ko ya yi shiru, ki jure. Wasiƙarsa ce, ba ki da iko a kanta. Sannan ki goge waccan amsa, ki rubuta wa Duarte cewa akwai ɗaki. Mutumin da ya mayar wa mahaifinki dariyarsa ba abokin gabarki ba ne, kuma wanda ya riƙe amanar tsoho har ya ƙi faɗa wa mai ba shi abinci, irinsa ake so a gida. In kin hana shi zuwa, ba za ki sami wurin ba, za ki dai sami uba mai tsayuwa a shinge har dusar ƙanƙara ta sauko.

Na ƙarshe shi ne mai wuyar. Kin ce tun kina shekara tara ba ki ƙara roƙonsa ba. Ina zaton shi ma shekara arba'in yana jira, don taurin kan nan ba daga maƙwabta kika gado shi ba. Ba zan yi miki alkawarin zai yarda ba. Amma shekarunsa tamanin da ɗaya, kuma wuraren nan tare da masu su ake binne su. Kada ki jira Satumba. Ranar da aka yi ruwa na farko mai kyau, ki nemi wanda zai kula da karin kumallon baƙi, ki sa takalman daji, ki sauke kwandon mahaifiyarki da hannunki, ki jefa maganinsa a aljihu ba tare da kin ambace shi ba. Ki tsaya a gabansa ki faɗi kalma ta uku a katinki, prosím, sannan ki yi shiru ki jira. In kun dawo kuma Zlatica ta leƙo ta kan shinge tana tambaya, kin riga kin ga yadda Duarte yake amsawa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Florian ƙarfin gwiwa, ya cika muku kwando ku biyu.

Gwaggo Hedviga