Fulogin da Na Zaɓa da Ido

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hauwa da yara. Ya aiki, ya zaman Jidda? Mu nan Umdurman alhamdu lillahi, sai dai raina a ɓace yake.

Motar da ka bar mana don kai Inna asibiti ta kwanta, kuma laifina ne. Na je Kasuwar Libiya da tsohon fulogi a aljihu, na gwada tsayi da kauri da ido, kamar yadda muke yi wa tsohuwar motar Baba, na sayo sababbi na sa. Ashe injin motar nan mai turbo ne, zafinsa daban ne, sai fulogi mai jure wuta. Ranar Talata, a kan gada, bakin fulogi ɗaya ya narke, motar ta mutu da Inna a ciki, rana tsaka. Ba mu kai asibitin Soba ba, likita ya tashi.

Don Allah ka duba littafin motar da ka tafi da shi, ka turo mini lambar fulogin. Bakanike ya ce kada a sake yin kintace.

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Inna ta ce kada in gaya maka, amma ƙafarta ta fara kumbura.

Ƙaninka,
Bashir